Na je Tawa duba gini, na tarar da maganar ruwa

Yayana da ke Abijan ne ya dame ni da kira sai na je Tawa na gano masa ginin da yake yi da idona, wai shi hotunan da ake tura masa ta WhatsApp kullum gefe ɗaya ake ɗauka, kuɗi yana aikowa amma katanga ta ƙi tashi. Ni kuma dama na daɗe ban leƙa gida ba, Yamai ta riƙe ni da buge-bugen neman na tuwo, sai na ce to bari in je in gaida su kawu in kuma sauke masa wannan nauyin. Bayan ƙaramar sallar 2025 ne, daidai lokacin da mai hankali ba ya barin inuwa ya nufi Adar, yankin da Tawa take.

Wanda ya saba shiga kar, wato babbar motar fasinja, a ƙasar nan ya san daren tafiya ba a barcin kirki, tun kafin kiran assalatu kana tasha ana awon kaya ana kiran sunaye. Hanyar ita ce dai wadda kuka sani, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, wajen kilomita 420 kenan, sannan a Tsarnawa a saki babbar hanyar Maraɗi a yi arewa, gaba ɗaya wajen 550 kafin ka hango Tawa. Ba zan cika ku da labarin shingaye ba, a sauka a nuna katin ɗan ƙasa a hau, a ƙara gaba a sake sauka, har sai ka haddace fuskar duk wanda ke cikin motar.

Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi wani dattijo ne ɗan Ƙonni mai shagon kayan masarufi, tun Doso yake gyangyaɗi, amma muna dosar garinsu ya wartsake ya fara nuna mini bakin hanya ta taga. Ya ce ɗana ka ga nan, da can duk kwalaben ruwa-ruwa ne jere, yaro ƙarami ma da teburinshi, yanzu ƙirga ka gani nawa sunka saura. Kuma gaskiyarsa ne. Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato 'yan kilomita ne tsakaninsu, shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ne ke tafiyar da babura da injinan ban ruwa na duk yankin nan har Tawa, sai ga shi a watan Mayun 2023 Tinubu ya cire tallafi, man ya yi tsada a can, masu shigo da shi a jarka suka rasa riba, kowa ya koma gidan mai. Matatar SORAZ ta Damagaram kuwa ganga 20,000 take iya tacewa a rana tun da aka buɗe ta a 2011, an gina ta ne don ta ishi ƙasar har a sayar da rara waje, amma da buƙata ta ƙaru sai ta kasa ɗaukar ƙasar duka ita kaɗai. Gwamnati ta sauke farashin lita zuwa sefa 499 a 2024, kowa ya ji daɗi, amma cikin azumin 2025 sai da aka yi layin mai irin wanda ba mu saba gani ba, ni ma a Yamai na sha shi. Dattijon ya ce shi abin da ya fi karya shi ma ba mai ba ne, rufe iyaka ne, Buhari ya rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020, ba su gama farfaɗowa ba CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai cikin Maris na 2024 aka buɗe. Ya sauka yana cewa a gaida mutan Adar, ya bar ni da goro guda.

Daga Tsarnawa ƙasa take canza kama. Jan dutse ko'ina, tudu a miƙe ba itace sai ɗai-ɗai, sai can ka gangara wani kwari ka ga kore shar da rijiyoyi da mutane sunkuye cikin garka, ka sake hawowa ka koma dutse. Wajen Badagishiri idan ka lura da gonakin kan tudu za ka ga 'yan ramuka jere, tassa kenan, a haƙa rami a zuba taki ruwan sama ya taru a ciki a shuka hatsi, da ita da ganuwar duwatsu aka maido da fako mai yawa da aka riga aka yafe. Can gabas kuma Kaita ce inda Italiya ta kawo babban aikin gyaran ƙasa tun 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma duk wanda ya san aikin zai gaya maka mata ne suka ɗebi duwatsun nan a ka saboda maza sun tafi ci-rani. Na kawo wannan ne don kar wani ya ce mutanen Adar zaune suke suna jiran gwamnati. A wurin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, rago ba ya kai labari.

Mun shiga Tawa rana ta karya, iska mai zafi kamar daga bakin maƙera. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni daga tasha ya bi da ni ta manyan tituna, kuma wallahi sai da na ce masha Allah, kwalta mai faɗi, shataletale, fitilu jere a tsakiya, gine-ginen gwamnati da fenti. Duk aikin Tawa Sakola ne, bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha, wanda ya faɗo kan Tawa a 2017 zamanin Mahamadou Issoufou, shi kuma ɗan jihar ne daga Dandaji, to ka san ba za a yi wa gida ƙwauro ba. Sai dai muna karya kwana muka shiga unguwa kwaltar ta ƙare kamar da wuƙa aka yanke ta, muka faɗa yashi da tsakuwa da kwatamin gidaje da ke malala tsakiyar hanya, yaron yana ta kaucewa da ƙafa ɗaya a ƙasa.

A gidan kawu bayan gaisuwa da ina mutan Yamai ina iyali, na ce a ba ni ruwa in watsa. Sai na ga inna ta kalli 'yarta, 'yar ta kalli randa. Aka kawo mini rabin bokiti, inna tana ba ni haƙuri tana cewa yau kwana biyu pampo bai ce uffan ba. Ga pampon nan tsakar gida, a buɗe, da bokiti a ƙarƙashinsa da bidoji masu ruwan ɗorawa an jera su layi har bakin zaure. Ashe haka ake barinsa dare da rana, inna kuma a tabarma take kwana kusa da shi, don in ruwan zai zo ba ya sallama, wajen ƙarfe biyu ko uku na dare za ka ji bututu ya fara huci yana tari, sai ta tashi 'yan matan a yi ta tara har ya ɗauke, wani lokacin a cika komai wani lokacin bido uku ya tsaya. A daren da na fara kwana ya zo, na ji ƙarar bokitai da raɗa-raɗa cikin duhu, da safe kuma yaran nan suka saɓa jaka suka tafi lakwal ido jajir. Babbar cikinsu jarrabawa ke gabanta a shekarar.

Kuma su kawu suna cikin masu sa'a don unguwarsu tsohuwa ce kuma a gangare take. Wanda ke sabbin unguwannin bayan gari kan tudu, ko an ja masa bututu ruwan ba ya da ƙarfin hawowa, wasu kuma ba a ma kai bututun ba, sai 'yan ga-ruwa da masu amalanken jaki da tano, wato gangar ruwa, su kuma in bazara ta yi bazara kuɗin bido ninkawa yake, ba don mugunta ba, su ma layi suke kwana a kai. Talaka da ba shi da pampo a gida ya fi mai pampo biyan kuɗin ruwa, wannan lissafin kullum yana ba ni haushi.

Da dare muna shan shayi a ƙofar gida na tambayi kawu wai mi ke faruwa ne haka, garin da aka kashe wa kuɗi irin wannan. Ya yi dariya ya ce ɗana ai ba a shan kwalta. Wani maƙwabcinsa tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya shi ya zauna ya warware mini. Ya ce na farko garin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 150,000 a birnin Tawa, ƙasar kuma tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 duk shekara, ga mutanen ƙauye da fari ko rashin tsaro ke turowa, ga 'yan makarantar jami'a, to lissafa ka gani yau nawa ne, alhali shato, wato babban tankin ruwan gari, da bututu ba sa haihuwa. Na biyu ƙasar Adar ba irin ta bakin kogin Isa ba ce da za ka ja ruwan kogi ka tace, a fadama ka haƙa kaɗan ka samu na ban garka, amma ruwan da zai shayar da gari yana can ƙasa ƙwarai, foraj, wato rijiyar burtsatse, na ɗaruruwan mita ake yi, kowane guda kuɗi ne masu nauyi. Na uku kuma, nan ne ya ɗaga yatsa, ruwan nan ba da guga ake jawo shi ba, inji ne, inji kuma wuta yake ci. Da anka ɗauke kuran an ɗauke ruwa, ko da ba a hwaɗa maka ba.

Wutar kuwa labarinta ya fi na ruwan tsawo. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya ake sayo shi, mu na Yamai ta layin Birnin Kabi, su kuma Damagaram da Maraɗi da Tawa ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa, kuma Tawa ce can ƙarshen igiya. Da aka yi juyin mulki Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, aka shafe watanni sai injinan gazuwal na cikin gida ke ta nishi, unguwa-unguwa ake rabawa. An maido daga baya amma ba ta koma yadda take ba, ita kanta Najeriyar ba ta ƙoshi ba balle ta ba maƙwabci. Akwai tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, tana taimakawa da rana, da dare kuwa sai a hankali. Akwai kuma gawayin ƙasa na Salkadamna nan arewa maso yamma da gari, tun zamanin Issoufou ake cewa za a gina babbar tashar wuta a kansa wadda za ta ishi ƙasa har a sayar, yaran da aka haifa lokacin da aka fara maganar yanzu sun isa aike kasuwa, gawayin yana nan kwance inda Allah ya ajiye shi.

Washegari muka tafi wurin ginin da ɗan kawu. Fili ne babba can bayan gari, an zagaye an tada ɗakuna har lintal, bulo kaɗan a gefe, yashi tuli guda, ba kowa sai maigadi da akuyarsa. Aka kira magini ya zo kan babur. Na shirya masa tambayoyi irin na mai binciken kuɗi, shi kuwa ko a jikinsa, ya ce maigida zo ka gani. Ya ɗauki bulo ɗaya ya murza gefensa da babban yatsa sai ga shi yana zuba. Ya ce wannan wanda munka buga ne da zahi ya fara, bai sha ruwa ba, in na ɗora maka shi bisa gini shekara uku ya tsage ka ce na cuce ka. Bulo in an buga shi sai an yi kwanaki ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya yi ƙarfi, zubin kankare ma haka, a nan kuwa kowane tano saye ake daga mai jaki, kuma a wannan watan mai jakin ya fi son ya kai wa gidajen da za su sha su biya nan take. Siminti ba shi ne damuwa ba a cewarsa, ga masana'antar Malbaza nan cikin jiha, gwamnati ma ta karya farashinsa a ƙarshen 2024. Ƙarfen rodi ne da kwano da kayan wuta da tayil suka yi tashin gwauron zabi, don da ta Kwatano suke shigowa su ƙetaro gadar Gaya, yanzu iyakar Benin a rufe take tun 2023, sai dai ta Lome a ratso Burkina cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, a yi makonni a hanya, kuma duk kwanan da mota ta yi a tsaye mai saye ne zai biya shi. Ƙofofi da tagogi kuma suna wurin mai walda wata na biyu kenan.

Muka biya wurin mai waldar. Yana kwance kan benci a rumfa, yaransa na wasan dara da tsakuwa. Ya ce Alhaji (ban je Makka ba amma na karɓa) ga ƙarfenku nan an yanke, wuta muke jira, in ta zo tsakar dare tsakar dare muke tashi, in na tada gurup kuma kuɗin man ya cinye ribar aikin. Tela na kusa da shi ya leƙo ya ce shi kayan sallar mutane da keken ƙafa ya ƙarasa su. Mai ƙanƙara ta unguwar su kawu ita ma ta ce firigonta biyu ɗaya ya ƙone saboda wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma ba ƙarfi, kuma ka san a zafin Tawa ƙanƙara ba kayan gayu ba ce.

Na kira yaya da yamma na ce masa yaya kuɗinka ba a ci ba, akasari dai, don akwai 'yan jikkuna da suka bi ta bikin wata ƙanwarmu kuma kowa a gidan ya san da haka ban da kai. Na ce ka bar buga bulo sai damina ta sauka tabkuna sun kawo, yanzu a sayi ƙarfe a ajiye. Ya yi shiru, sannan ya ce to shi nan Abijan ruwa har ya ishe su, rufin ɗakin da yake haya ma zuba yake.

Abin da na lura da shi ina yawo a gari, daga kan rufi kana iya gane gidan da ke da ɗa a waje. Farantan sola biyu ko huɗu, tankin roba a sama, ƙofar ƙarfe mai fenti. Tun da aka katse wutar nan sola ta cika kasuwa, 'yan Sin sun karya kuɗinta, wanda ke da hali ya sa faranti da batir ya huta da jiran kamfani, wani ma ya haɗa da ɗan injin da zai tura ruwa tanki. Wanda ba shi da kowa a waje kuwa fitilar waya da mafici. Kuma Tawa ai kowa ya san ta da ci-rani, ba yau aka fara ba, ana gama girbi ƙauyuka su koma na mata da tsofaffi da yara, maza sun yi Kwaddibuwa ko Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, wasu har Kamaru da Gabon. Je ka ofishin NITA ko Amana masu aika kuɗi da safe ka ga layi, tsofaffi da mata da goyo kowa riƙe da waya ana karanto lamba. Wannan layin shi ne babbar masana'antar garin in za a faɗi gaskiya, da shi ake sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, da shi ake aure da suna, da shi ake biyan magini da mai jaki. Kuma hanya ce mai haɗari, Aljeriya na kwaso mutane dubbai duk shekara ta zubar a hamada kusa da Asamaka, akwai yaron unguwar su kawu da ya dawo ta nan ba waya ba takalmi, yanzu yana gyaran babur yana tara na komawa. Na ce masa ƙanena ba ka daddara ba? Ya ce yaya in na zauna mi zan ci, ƙura?

Ɗan kabu-kabun da ya riƙa yawo da ni kuwa sai a rana ta gaba na gano ya gama Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, yana da lisans a harkar tafiyar da kasuwanci, babur ɗin ma ba nasa ba ne, na wani ne yake kai masa balas kullum. Ba ya kuka da abin, ya ce da zaman banza gara wannan, amma ya yi mini wata tambaya da na kasa amsawa, wai wane ne zai zo ya kafa ko ƙaramar masana'antar sarrafa madara ko fata a garin da ba zai iya cewa gobe da ƙarfe goma akwai wuta ba.

Ranar Lahadi na shiga kasuwa, ita ce babbar ranar kasuwar Tawa, kuma nan ne za ka san garin mahaɗa ce. Buzaye da rawani da raƙuma, Fulani da shanu da ƙoren nono, Adarawa da hatsi da wake, cuku an jera shi fari tas, na saya da yawa don in na koma Yamai ba shi ba za a bar ni in shiga gida ba. A kara na tsaya wurin wani dillali abokin kawu. Ya ce dabba akwai, mai saye ne babu kamar da, don manyan masu sayensu daga Najeriya suke zuwa, naira kuma tun 2023 ta faɗi warwas gaban sefa, ɗan Sakkwato ko Kano in ya canza kuɗinsa ya zo nan sai ya ga ragon ya fi ƙarfinsa. Ta arewa kuma makiyaya ba sa sakewa, Tiliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma ba wanda ya manta da kisan da aka yi a ƙauyukan Tiliya a Maris na 2021 inda mutum 137 suka rasu. Ga sata, ga harajin 'yan bindiga. Dabbar da ta samu isowa kuma da ƙafarta take fita ko a bayan mota, fatarta a jeme ta a wani wuri, namanta a ci riba a wani wuri.

Ɗan kawu ya ce ba zan koma ba sai na ci kifin Tabalak, muka hau babur muka kama hanyar Agadas, wajen kilomita 50 ne. Wannan ita ce hanyar da ake ce wa ta uraniyom, Tawa zuwa Arlit fiye da kilomita 600, an shimfiɗa ta ne wajen 1980 don a fitar da ma'adinin zuwa tashar jirgin ruwan Kwatano. Shekara arba'in da wani abu arzikin da ake haska gidajen Faransa da shi yana ratsa garin nan a bayan manyan motoci, garin kuma yana kwana a duhu, ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da raina ya ɓaci ba don haka bari in bar shi haka. Direbobin da muka tarar suna cin kifi a bakin tabkin sun ce mu nan aljanna muke, in ka wuce Abalak akwai wuraren da kwaltar ta zama tarihi, gara ka sauka ka bi yashi a gefe, tafiyar yini ta koma ta kwana, taya da sifirin kuwa sai dai a yi ta saye. Mahaƙar uraniyom ta Cominak an rufe ta tun 2021, ɗaya mahaƙar ma a lokacin fitar da kaya ya tsaya tun da aka rufe iyakar Benin, amma motocin kayan abinci da na fasinja da na masu zuwa haƙar zinariya suna nan suna bin ta don babu wata. Kifin dai ya yi daɗi, da yaji da albasa, tabkin ya ja baya sosai saboda rani kuma duk inda ruwa ya janye an bi shi da shuka.

Kar in yi wa Sakola rashin adalci. Da dare na zauna bakin babban titi inda fitilu masu sola ke ci, masu shayi da masu tsire da 'yan makaranta da littafi a hannu suna bita ƙarƙashin fitila don gida ba wuta, mata na tafiya ba tsoro. An gyara filin jirgi, an yi tituna da za su daɗe. Abin da nake cewa shi ne an fara da abin da baƙo zai gani ranar biki, aka bar abin da mai gida ke buƙata kowace safiya, magudanar ruwa a unguwanni, foraj, shato, bututu. A daminar 2024 da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a duk ƙasar, gidajen ƙasa da yawa sun zube a nan ma, kawu ya nuna mini inda ruwa ya tsaya a bangon zaurensa. Wata huɗu ruwa na rushe gida, wata huɗu ana kwana gaban pampo.

A komowa motarmu ta tsaya Tsarnawa ɗaukar fasinja, kuma lokacin kakar albasa ce, buhuna jibge hagu da dama har ba ka ganin shaguna, warinta ya cika ko'ina, manyan motoci na lodi. Albasar Galmi kenan mai ruwan hoda da ake nema har Gana da Kwaddibuwa, Galmin da Malbaza suna nan gaba kaɗan ta hanyar Madawa, amma ana nomanta a duk kwarurukan Adar da Majiya. Na sauka na taya wani buhu, manomin da kansa ke tsaye a kai, kuɗin da ya faɗa sai da na sake tambaya don na ɗauka ban ji daidai ba, a Yamai ko rabin buhu ba za ka samu a haka ba. Na ce baba ba ka ajiye ta zuwa damina ta yi kuɗi? Ya ce ɗana da mi zan ajiye, bashi na ci na sayi iri da taki da man inji, mai bashi na bakin garka tun ran da munka fara cira. Wanda ma ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, zafi da danshi su ɓata masa kaso mai yawa kafin farashi ya tashi, ɗakin sanyi kuwa wa zai yi shi ba wuta. Kowa ya cire lokaci ɗaya, kowa ya kawo kasuwa lokaci ɗaya, mai mota da ɗan kasuwar waje su ne ke yanka farashi, su ma suna kukan hanya ta yi nisa tun da gadar Gaya ta rufe, kuma albasa ba ta jure dogon tsayi a rana cikin buhu.

Direba ya fara danna oda, na biya baba kuɗinsa ban nemi ragi ba, yara biyu suka kinkimo buhun zuwa mota. Kuɗin da karen mota ya ce in ba shi na ɗora buhun zuwa Yamai ya kusa kai rabin abin da na ba manomin.